Ƙwarar Kaɗanya da Darasin Makadamiya: Muhawara Kan Hana Fitar da Ɗanyen Kaya

A ranar 26 ga Agusta, 2025, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya bayyana cewa Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya amince da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya zuwa ƙasashen waje har tsawon wata shida, kuma umarnin ya fara aiki nan take, ba tare da an ba 'yan kasuwa lokacin kammala cinikin da suka riga suka ƙulla ba. A Abuja aka yi sanarwar, amma babu jihar da ta ji ta a jika kamar Neja, wadda ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa da murabba'in kilomita kimanin 76,000, kuma hukumominta kan ce fiye da rabin ƙwarar da ake tarawa a ƙasar nan daga gonakinta da dazuzzukanta take fitowa. Saboda haka tambayar da ta taso a Minna, tsakanin jami'an gwamnati da masu masana'antu da dillalai da malaman jami'a, ta wuce wa'adin wannan umarni guda, domin wa'adi kan cika a sabunta shi ko a janye shi, alhali tambayar tana nan daram: shin hana ɗanyen kaya fita hanya ce ta gina arziƙin jiha, ko kuwa hanya ce ta cire kuɗi daga hannun matan karkara a miƙa wa masu injina? Akwai wata bishiya mai suna makadamiya, wadda asalinta dazuzzukan Ostareliya ne, da tarihinta a Kenya da sauran wurare yake haska wannan tambaya ta fuskokin da ba kasafai ake dubawa ba.

Kafin a auna hujjojin ɓangarorin biyu, ya kamata a san irin bishiyar da ake magana a kanta. Kaɗanya, wadda masana tsirrai ke kira Vitellaria paradoxa, tana tsirowa ne a wani zirin ƙasa da ya tashi daga Senegal ya ratsa arewacin Najeriya har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda, kuma kusan duk itatuwanta da ke tsaye yau ba dasa su aka yi ba, da kansu suka fito, manomi ya bar su sa'ad da yake sharar gona saboda ya san amfaninsu. Ba ta fara 'ya'ya sai ta shekara goma sha biyar zuwa ashirin, ba ta kai ganiyarta sai ta doshi arba'in, kuma tana iya rayuwa fiye da shekara ɗari biyu. 'Ya'yan suna zubowa da kansu da damina, daga wajen Mayu zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon amfani bai iso ba, mata da 'yan mata su yi sammako su tsince su cikin ciyawa da raɓa da hatsarin saran maciji. Sai a cire tsokar, a dafa, a shanya, a fasa ɓawon, a sāke shanya abin da ke ciki, wato ƙwara, wadda kusan rabin nauyinta mai ne. Wadda ta ga dama ta soya ƙwarar ta niƙa ta cuɗa da ruwa har man kaɗe ya taso, wadda take buƙatar kuɗi da gaggawa kuwa ta auna wa ɗan sari a mudu ranar kasuwa, shi kuma ya tara buhuna ya kai wa dillalin da ke hulɗa da masu fitarwa.

Abin da ya sa duniya take neman wannan ƙwara ba man shafawa ba ne kaɗai, kamar yadda da yawa suke zato. Idan aka tace man kaɗe a masana'anta ana raba shi gida biyu: ɓangare mai daskarewa da ake kira sitiyarin, da ɓangare mai ruwa-ruwa da ake kira oliyin. Sitiyarin yana narkewa a zafin da ya yi kusa da na man koko, don haka masu yin cakulan suke amfani da shi a madadinsa, kuma tun da Tarayyar Turai ta yi dokar shekara ta 2000 da ta yarda a saka har kashi 5 cikin ɗari na wasu mayukan tsirrai, ciki har da na kaɗanya, a cikin cakulan, mafi yawan ƙwarar da ke barin Afirka ta Yamma masana'antun abinci take nufa. Da farashin koko ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024 sakamakon lalacewar amfani a Gana da Kwaddibuwa, sai neman ƙwara ya ƙaru, masu saye na waje suka shiga ƙauyuka da kuɗi a hannu, masana'antun cikin gida kuwa suka kasa jurewa gasar. Burkina Faso da Mali suka rufe ƙofar fitarwa a 2024, Kwaddibuwa da Togo suka bi sahu a 2025, nauyin buƙatar ya karkato kan ƙasashen da suka rage, Najeriya na kan gaba.

Masu goyon bayan haramcin suna fara hujjarsu ne da alƙaluman da gwamnatin tarayya ta bayar a ranar sanarwar: cewa Najeriya tana samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwarar duniya, amma rabonta a kasuwar da aka ƙiyasta da dala biliyan 6.5 bai kai kashi ɗaya ba. Cewa ana tara kimanin tan 350,000 a shekara, daga ciki wajen tan 90,000 suna sulalewa ta kan iyaka ba tare da an rubuta su ba. Cewa kuma masana'antun da ke ƙasar suna aiki ne da kashi 35 zuwa 50 na ƙarfinsu saboda rashin kaya. A ganinsu wannan tsohon ciwo ne da aka gada tun zamanin mulkin mallaka, inda gyaɗa da auduga da fata suke fita ɗanyu su dawo a sarrafe da ninkin farashi, kuma ƙasar da ba ta yi ƙarfin halin tsare ɗanyen kayanta ba, to har abada ita ce mai tsinta, wasu su ne masu riba. Suna nuni da masana'antar tace man kaɗe da kamfanin Salid Agriculture ya gina a garin Kudu, cikin ƙaramar hukumar Mokwa, wadda Gwamna Mohammed Umaru Bago ya buɗe a cikin watan Agustan 2025, kuma aka ce tana da ƙarfin tan 30,000 a shekara. Wanda ya zuba jari irin wannan, in ji su, ba zai iya yin gogayya da kamfanonin Turai da Indiya masu samun bashi da ɗan ƙaramin ruwa ba, alhali shi yana biyan ruwa mai tsada yana kuma ƙona man dizal don ya sami lantarki, sai fa in gwamnati ta tsare masa kasuwar gida har ya tsaya da ƙafafunsa.

Hujja mafi ƙarfi da wannan ɓangare yake da ita ta fito ne daga Mozambik. A tsakiyar shekarun 1990 Bankin Duniya ya matsa wa ƙasar ta sassauta takunkumin da ta sa kan fitar da ɗanyar yazawa, bisa hujjar cewa manomi zai sami farashi mafi kyau idan masu saye na Indiya suka shigo. Cikin 'yan shekaru yawancin masana'antun ɓare yazawa suka rufe, ma'aikata kusan 10,000 suka rasa abin yi, kuma binciken da masana tattalin arziƙi Margaret McMillan da Dani Rodrik da Karen Horn Welch suka wallafa a 2002 ya gano cewa ƙarin da gidan manomi ya samu bai wuce dala biyar da 'yan kai a shekara ba, domin 'yan tsakiya ne suka haɗiye yawancin ribar. Wannan misali yana rushe zaton cewa buɗe kasuwa kaɗai yana isar da kuɗi ga mai tsinta, kuma duk wanda ya san yawan hannuwan da ƙwara take bi tsakanin wani ƙauye a Lavun ko Katcha da tashar jiragen ruwa ta Legas ya san gargaɗin ya shafi Neja.

Masu adawa kuwa ba su musanta cewa sarrafa kaya a gida ya fi ba; abin da suke tambaya shi ne wa zai biya kuɗin wannan gini. Cikin 'yan kwanaki bayan sanarwar, jaridu da cibiyar nazarin kasuwanci mai zaman kanta da Muda Yusuf yake jagoranta a Legas sun ruwaito cewa farashin ƙwara ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma faɗuwar ta zo ne a ƙarshen Agusta, daidai lokacin da mata suka gama wahalar tsinta da dafawa da shanya, suka fara kai kaya kasuwa don kuɗin makaranta da magani da cefane. Dillalan da suka ci bashi suka sayi kaya da tsada sun wayi gari da buhunan da ba su da mai saye, masu fitarwa da suka sa hannu a yarjejeniya da kamfanonin waje suka shiga halin saɓa alkawari. Dalilin faɗuwar ba ɓoyayye ba ne: idan aka kori yawancin masu saye daga kasuwa aka bar 'yan kaɗan, to su ne za su yanke farashi, mai sayarwa kuwa ba ta da wani wurin zuwa, musamman da yake ƙwarar da ba a adana da kyau ba tana yin tsami, wato sinadarin da ke lalata ingancin mai yana ƙaruwa a cikinta, darajarta ta ragu. Gwamnati da kanta ta ce kashi 90 cikin ɗari na masu tsinta da sarrafawa mata ne, don haka tallafin da aka ba masana'antu ta wannan hanya daga ɗaurin zanen waɗannan mata aka kwance shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Suna kuma tunatar da cewa Najeriya ta taɓa bin wannan hanya da wani suna. Hukumomin cinikin amfanin gona da aka kafa daga 1947 don koko, da 1949 don gyaɗa da auduga da kwakwar manja, su kaɗai ke da ikon saye don fitarwa, kuma sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna tara rarar da sunan ayyukan raya ƙasa. An gina abubuwa da wannan rara, babu shakka, amma manomin da aka danne wa farashi ya rage noma ko ya karkatar da kayansa ta kan iyaka, har gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wanda shi kansa ɗan Minna ne, ta rushe hukumomin a 1986. Jihar Neja tana da iyaka da Jamhuriyar Benin ta ɓangaren Borgu, inda kasuwar Babanna take, kuma duk lokacin da farashin ƙwara a wancan gefe ya ɗara na wannan gefe da tazara mai yawa, babur da akori-kura za su san hanya. Ke nan haramcin da aka yi don rage fasa-ƙwauri yana iya ƙara masa riba. Akwai kuma gyara a kan alƙaluman kashi 40 da kashi ɗaya, domin dala biliyan 6.5 ɗin nan ta haɗa da darajar kayan da aka riga aka tace aka ƙunsa a kantunan Turai da Amurka, kuma wani kaso mai yawa na ƙwarar Najeriya a gida ake cinye shi a matsayin man girki da sabulu da magani, wani kuma yana fita ta maƙwabta a rubuta shi da sunansu. Matse ƙwara a fitar da ɗanyen mai mataki ne na farko kawai, babbar ribar tana wajen raba sitiyarin da mallakar sunan kaya a kanti.

A nan ne makadamiya take shigowa. Bishiya ce ta dazuzzuka masu yawan ruwan sama a gabashin Ostareliya, tsakanin kudancin Queensland da arewacin New South Wales, wadda 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna cin ƙwayarta kafin zuwan Turawa, kuma masanin tsirrai Ferdinand von Mueller ne ya raɗa mata wannan suna a 1857 don girmama abokinsa John Macadam. Ƙwayarta tana cikin ɓawo mai tsananin tauri, fiye da kashi 70 cikin ɗari na nauyinta mai ne, kuma tana cikin ƙwayoyin ci mafiya tsada a duniya. Ba ta son zafin da Minna take gani a watan Maris da Afrilu, ba ta kuma jure doguwar rani in babu ban ruwa, don haka babu mai hankalin da zai ce a maye gurbin kaɗanya da ita. Amfaninta ga wannan muhawara yana cikin abin da ya faru da ita a Kenya, inda ƙananan manoma a yankunan Embu da Meru da Murang'a da Kirinyaga suke dasa ta a tsakanin itatuwan kofi.

A 2009 gwamnatin Kenya ta hana fitar da makadamiya da ɓawonta, aka kuma shigar da haramcin cikin dokar hukumar kula da amfanin gona ta 2013, bisa dalilai masu kama da waɗanda aka ji a Abuja: masu saye na waje, musamman daga ƙasar Sin, suna kwashe kaya kafin masana'antun gida su samu, kuma rububin yana sa a girbe ƙwaya tun ba ta nuna ba, sunan kayan Kenya ya ɓaci a kasuwa. A shekarun da suka biyo baya masana'antun ɓarewa da ƙunsawa sun ƙaru daga 'yan ƙalilan zuwa gommai, aka sami ayyuka, farashi a hannun manomi ya hau har ya kai wajen shilin 180 kowane kilo a 2019, kuma masu goyon bayan haramci suna da haƙƙin su ce ga shaida. Sai dai da kasuwar duniya ta cika ta batse bayan annobar korona, saboda sababbin gonakin Afirka ta Kudu da Sin da Ostareliya sun fara bayarwa alhali masu saye sun ja baya, masana'antun Kenya suka rage saye, farashi ya faɗo zuwa shilin 20 ko 30 a wasu wurare a 2023, manomi kuwa doka ta hana shi sayar wa baƙon da ke son kayan da ɓawonsu. A ƙarshen 2023 gwamnati ta ɗage haramcin na wata goma sha biyu don a kwashe abin da ya taru. Ba haramcin ne ya jawo faɗuwar kasuwar duniya ba, amma shi ne ya toshe wa manomi mafita a ranar da ya fi buƙatarta. Abin da za a fahimta daga Kenya shi ne cewa irin wannan doka tana tafiya lafiya muddin masana'antun gida suna da yawa, suna gasa da juna, kuma suna iya shanye duk abin da aka samar, da zarar ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya faɗi sai nauyin ya koma kan mafi rauni. A Najeriya, inda ake maganar tan 350,000, masana'anta mai tan 30,000 komai girmanta ba za ta iya shanye su ita kaɗai ba.

Amma akwai bambanci tsakanin itatuwan biyu wanda ya sa hatsarin ya fi girma a Neja, kuma shi ne abin da ɓangarorin biyu suka fi yin sakaci da shi. Makadamiyar Kenya dasa ta aka yi, tana da mai ita, wanda ya kashe kuɗi a kanta kuma zai yi haƙuri da mummunar shekara ɗaya ko biyu. Kaɗanya kuwa tana tsaye ne a gonar da galibi namiji ke da iko da ita, ko a saura da dajin da kowa ke shiga, alhali 'ya'yanta mata ne suke mora, kuma itacenta yana cikin mafiya kyau wajen yin gawayi da turmi saboda nauyinsa da daɗewar wutarsa. Tun da kananzir da iskar gas suka yi tsada, buhunan gawayi sun zama abin gani a gefen hanyar Minna zuwa Bida da ta Suleja, kuma ƙungiyar Global Shea Alliance, mai hedkwata a Akara, ta ƙiyasta cewa ana rasa itatuwan kaɗanya wajen miliyan takwas kowace shekara a Afirka ta Yamma. Kowace bishiya tana fuskantar lissafi guda: kuɗin da ƙwararta take kawowa gida kowace damina, a gefe ɗaya, da kuɗin da gawayinta zai kawo yau, a ɗaya gefen. Duk manufar da ta rage farashin ƙwara a ƙauye, ko da niyyarta alheri ce, tana ƙara wa gatari nauyi a wannan ma'auni, kuma abin da aka sare cikin yini guda sai an jira shekara ashirin kafin a maye gurbinsa. Ga kuma noman inji mai faɗi da gwamnatin jiha take ƙarfafawa, wanda ba ya son bishiya a tsakiyar gona, ga matsalar tsaro a Shiroro da Rafi da Munya da Mariga da ta hana mata shiga daji. Duk waɗannan suna rage ƙwarar da masana'antar Kudu da ire-irenta za su dogara da ita nan gaba.

Tarihin makadamiya yana da wani darasi na biyu da ya fi na Kenya ɗaci. Ostareliya ce gidanta, amma ba ita ta fara cin moriyarta a kasuwar duniya ba: a shekarun 1880 aka kai irinta tsibirin Hawai, inda masu bincike suka shafe shekaru suna zaɓen itatuwa masu yawan 'ya'ya da kyan ƙwaya, suna yi musu aure, wato haɗa reshen bishiyar da aka zaɓa da gindin wata don a sami 'ya'ya da wuri kuma iri ɗaya, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Da waɗannan zaɓaɓɓun ire-ire aka kafa gonakin duniya, har Ostareliya kanta ta dawo da su daga Hawai, kuma daga baya Afirka ta Kudu ta zama kan gaba wajen samarwa. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa yawancin ire-iren nan sun samo asali ne daga 'yan itatuwa kaɗan a kusa da garin Gympie, alhali dajin da suka fito an share mafi yawansa, kuma dukkan jinsunan makadamiya huɗu suna cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazana a ƙasarsu ta asali. Wanda ya zaɓi iri ya dasa shi ne ya mallaki kasuwar, mallakar dajin asali ba ta tsare wa kowa komai ba. Gaskiya ne kaɗanya ta fi wuyar sha'ani, domin irinta yana mutuwa cikin ɗan lokaci bayan faɗuwa, saiwarta mai zurfi ba ta son a cire a dasa, ƙaronta kuma yana wahalar da aure, amma gwaje-gwaje a Gana da Burkina Faso da Mali sun nuna ana iya yi, kuma bishiyar da aka yi wa aure tana fara 'ya'ya cikin shekaru kaɗan idan aka kwatanta da ta daji. A Bida akwai reshen binciken kaɗanya na cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, a Minna akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da tsangayar aikin gona, kuma da an ba su ko da ɗan kaso na kulawar da aka ba maganar haramci, da jihar ta fara tara zaɓaɓɓun ire-irenta.

Idan aka auna duka, masu goyon bayan haramci sun yi daidai a manufa, kuma misalin Mozambik ya isa ya hana kowa ɗaukar buɗaɗɗiyar kasuwa a matsayin magani. Amma masu adawa sun fi su gaskiya a kan hanya da lokaci da wanda aka ɗora wa kaya. Haramcin da ya sauka rana ɗaya a tsakiyar kakar sayarwa, ba tare da an tanadi mafi ƙarancin farashi ba, ba tare da an wajabta wa masana'antu sayen wani adadi ba, haraji ne da ba a rubuta ba a kan mutanen da ba su da kujera a teburin da aka yanke shawarar. Akwai hanyoyin da suka fi sauƙin illa, kamar a sa haraji a kan ɗanyar ƙwarar da za ta fita, a bayyana shi tun kafin damina, a riƙa ƙara shi shekara-shekara gwargwadon yadda ƙarfin masana'antu yake ƙaruwa. Ta haka mai injin gida zai sami rangwame a kan baƙo, baƙon kuma zai ci gaba da zama a kasuwa yana hana farashi rugujewa, kuɗin da aka tara kuwa a mayar da shi wajen ɗakunan ajiya da wuraren shanya da ƙungiyoyin mata. Idan kuwa haramci gaba ɗaya aka zaɓa, to ya zo da sharaɗin da Kenya ta koya bayan ta sha wuya, wato ƙofa ta buɗe da kanta duk lokacin da farashin ƙauye ya faɗi ƙasa da wani mizani da aka shelanta.

Ikon buɗe iyaka ko rufe ta yana Abuja, amma abubuwa da yawa suna hannun Minna. Gwamnatin jiha tana iya tattara farashin mudu da buhu kowane mako daga kasuwannin Bida da Mokwa da Kontagora da Sabuwar Busa ta watsa a rediyo da Hausa da Nufanci da Gwaranci, domin mace mai tsinta ta san abin da kayanta suke yi kafin ɗan sari ya iso, kuma domin a sami ma'aunin da za a yi wa kowace manufa hukunci da shi. Tana iya sa wa masana'antun da ta ba fili da sauƙin haraji sharaɗin saye kai tsaye daga ƙungiyoyin mata da farashin da aka rubuta, tare da ƙari ga ƙwarar da aka dafa aka shanya da kyau. Ta kuma yi alkawarin ware kadada 10,000 don dasa kaɗanya, wanda mataki ne mai kyau, sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan wanda zai mallaki itatuwan: idan gona ce ta kamfani mai shinge, to matan da suka rayar da wannan sana'a tun kaka da kakanni za su koma 'yan ƙodago a cikinta, idan kuwa an raba dashen ga ƙauyuka aka rubuta haƙƙin tsinta da sunan ƙungiyoyinsu a gaban masu unguwanni da hakimai, to bishiyar za ta sami masu tsaronta a kowace gona tun kafin ta fara 'ya'ya.